Japce a Kicin Ɗin Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Taliyar Koriya Mai Sheƙi

Japce, wanda ake rubutawa japchae a takardun gidajen abinci, yana cikin abincin Koriya da suka fi saurin shiga ran baƙo. Babu yaji mai tayar da hankali a cikinsa, babu tsami irin na kimchi, tsimammen kabejinsu, kuma kayan lambunsa kusan duk akwai su a kasuwa. Abu uku ne kawai ba su da cikakken madadi: taliyar, soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya) da man soyayyen riɗi. Sauran duk ana iya sasantawa.

Mene ne japce tukuna?

Taliya ce mai sheƙi, wadda idan ta dahu haske ke ratsa ta, ana cuɗa ta da soyayyen naman sa yankan siriri, alayyafo, karas, albasa, tattasai da naman kaza (tsiron nan da ake kira mushroom, ba tsokar kaza ba). Abin da ke haɗa kansu shi ne soya sos, ɗan sukari, tafarnuwa da man riɗi. Ba ta da romo, amma kuma ba ta bushe ba. Kowane zare yana ɗauke da maiƙo da ɗanɗano. A baki za ki ji gishiri da zaƙi sun daidaita, ƙamshin riɗi yana bisa.

A Koriya abincin taro ne. Da wuya a yi Chuseok, bikin kakarsu, ko Seollal, sabuwar shekararsu ta lissafin wata, ba a ga babban kwanon japce ba. Haka ranar da jariri ya cika shekara 1, da ranar da dattijo ya cika 60, da walimar aure. A sauran ranaku kuma ana ajiye shi cikin ƙananan kwanonin da ke raka shinkafa.

Ina da taliyar leda da indomi a gida. Ba za su yi ba?

Za ki sami abinci mai daɗi, amma ba japce ba. Taliyar japce sunanta dangmyon, a jikin leda ana rubuta dangmyeon, kuma da sitacin dankalin Hausa da ruwa ake yin ta, babu alkama ko kaɗan. A bushe launinta toka-toka ne mai ɗan duhu, tana da tauri sosai, hannu ba ya karya ta cikin sauƙi. Idan ta dahu sai ta yi laushi mai danƙo, ta riƙa dawowa idan an ja ta, ta kuma shanye soya sos ba tare da ta caɓe ba. Wannan danƙon shi ne rabin abincin. Taliyar alkama ba ta da shi, kuma idan ta huce nauyi take yi.

Mafi kusa da ita ita ce siririyar taliyar Sin mai haske da ake yi da sitacin wake. Tana iya tsayawa a madadinta idan ba yadda za a yi, sai dai ta fi siranta nesa ba kusa ba, tana dahuwa cikin minti 3 zuwa 4, kuma tana saurin narkewa idan aka yi mata sakaci. Farar taliyar shinkafa kuwa tsintsinkewa take yi wajen cuɗawa, kada ki ɓata kuɗinki.

A ina ake samun ta?

A manyan kantunan da ke da sashen kayan Asiya, da shagunan da ke sayar wa 'yan Sin da Koriyawa kayan girki a manyan birane, da kuma masu sayarwa ta intanet. Ki duba bayan ledar: idan an rubuta sitacin dankali shi ne abu na farko, ita ce. Kamfanin Ottogi na Koriya na cikin sanannun masu yin ta, akwai kuma ta Sin da yawa masu sauƙin kuɗi waɗanda ba su da laifi. Busasshiya ce, tana daɗewa a ajiye muddin danshi bai taɓa ta ba, don haka idan kin samu ki sayi leda biyu.

Wai da gaske abincin sarakuna ne?

Haka tarihinsu ya nuna, amma wanda sarki ya ci ba shi da taliya. A zamanin daular Joseon, lokacin Sarki Gwanghaegun da ya yi mulki daga 1608 zuwa 1623, an yi wani bafade mai suna Yi Chung da ya shahara wajen aika wa fada abinci. Har ɗaki ya haƙa a ƙarƙashin ƙasa yana noman kayan lambu a tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke cin busasshe da jiƙaƙƙe. Haɗin kayan lambun da yake kai wa sarki ya shiga ransa ƙwarai, Yi Chung ya yi ta hawa har ya zama ministan haraji da baitulmali. Mutanen gari ba su bar shi ba, suka laƙaba masa ministan japce.

Littafin girki na Eumsik Dimibang, wanda wata uwargida mai suna Jang Gye-hyang ta rubuta wajen 1670, ya kawo yadda ake japce a wancan zamani: kokwamba, naman kaza, tsiron wake, saiwoyi iri-iri da naman tsuntsun daji, a zuba musu miya mai kauri. Babu zare ko ɗaya. Ba ma yadda za a yi a sami taliyar dankali, domin shi kansa dankalin bai shiga Koriya ba sai a 1763, lokacin da jakada Jo Eom ya aiko da irinsa daga tsibirin Tsushima na Japan. Dabarar yin taliyar sitaci daga Sin ta zo, kuma ba ta zama abin kowa ba sai bayan da aka buɗe masana'antarta a garin Sariwon a 1919, garin da yanzu ke cikin Koriya ta Arewa. Daga nan baƙuwa ta mamaye gida, har yau idan an ce japce taliyar ake fara tunawa.

Wannan tarihin yana da amfani a kicin. Asalin abincin kayan lambu ne, don haka kada ki cika kwano da taliya ki yayyafa karas a kai don kwalliya. Idan kin tara naman da kayan lambun wuri ɗaya, ya kamata su kusa kai yawan taliyar.

Wane ma'auni zan bi don mutum huɗu?

Busasshiyar taliya giram 250, tsokar naman sa giram 200, alayyafo ɗauri ɗaya madaidaici, karas babba 1, albasa 1, jan tattasai 1, busasshen naman kaza guda 5, lawashin albasa kaɗan da ƙwai 2. Na ɗanɗano kuma: soya sos babban cokali 5, sukari cokali 2, man soyayyen riɗi cokali 3, tafarnuwa ƙwaya 4, soyayyen riɗi cokali 1, masoro da gishiri, sai man gyaɗa na suya. Soya sos ɗin rabawa ake yi: cokali 2 na nama da naman kaza, cokali 3 na taliya. Ƙarfin gishirinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ki riƙe rabin cokali a gefe har sai kin ɗanɗana a ƙarshe.

Wane nama zan ce wa mahauci ya ba ni?

Tsoka zalla mai laushi ta gadon baya, wadda ba jijiya. Naman japce minti 2 zuwa 3 kawai yake yi a kasko, ba shi da lokacin da zai yi laushi a wuta, don haka dole laushin ya zo daga zaɓe da yanka. Ki sa shi a firiza kamar minti 30 ya ɗan sandare, wuƙa za ta fi kama shi. Ki dubi inda zaren naman ya miƙa, ki yanka a gicciye, fale-fale, sannan ki tsaga kowane fale zuwa sirara masu tsawon yatsa.

Ki zuba masa soya sos, ƙaramin cokali na sukari, dakakkiyar tafarnuwa, masoro da ɗan man riɗi, ki murza da hannu, ki bar shi ya tsumu minti 20 yayin da kike yankan kayan lambu. Idan naman tsohuwar saniya ne mai gardama, ki goga rabin albasa ki matse ruwan a ciki. Koriyawa ruwan wani ɗan itacensu mai suna bae suke sa wa nama don ya yi laushi. Ruwan abarba ma yana yi, har ya fi ƙarfi, amma ƙaramin cokali ɗaya ya isa kuma kada ya wuce minti 15, in ba haka ba naman zai dagargaje.

Abu ɗaya dai: kada ki tafasa shi kafin suya. Duk daɗin zai tafi cikin ruwan, ki tashi da busassun tsinkaye. Naman rago ko kaza ma suna yi, ana kuma yin japce ba nama sam, a ƙara naman kaza.

Me ya sa ake cewa a soya kowane abu daban? Ba ɓata lokaci ba ne?

A nan ne japce ke bambanta da kowace soyayyar taliya, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Karas yana son minti 2 a wuta, tattasai minti 1, albasa tana son ta yi haske ba tare da ta yi ja ba, naman kaza kuma sai ya fitar da ruwansa ya sake shanye shi. Idan kika tara su a kasko ɗaya, zafi zai sauka, ruwa ya taru a ƙasa, suya ta koma dahuwa. Kafin karas ya yi, tattasai ya mutu, ruwan nama kuma ya rina komai ya koma launi ɗaya. Japce mai kyau kuwa ana gane shi tun daga ido: kore, ja, ruwan lemo, fari, rawaya da baƙi, kowanne a tsaye da kansa, kuma a baki kowanne da irin ƙarar da yake yi a haƙori.

Ba kuma wanke-wanke ne mai yawa ba. Kasko ɗaya ake amfani da shi, a fara da mai haske a ƙare da mai duhu: ƙwai, albasa, karas, tattasai, lawashi, naman kaza, sai nama. Kowanne ɗan mai, ɗan gishiri a yatsa biyu, wuta mai ƙarfi, a juye a babban kwano guda. Wannan ɗan gishirin na kowane kaya yana da muhimmanci, domin soya sos na ƙarshe a jiki kawai yake tsayawa, ba ya shiga cikin karas. Idan an riga an yanka komai, suyar duka ba ta wuce minti 15. Yankan ne aikin. Ki yi ƙoƙari komai ya zo siriri, tsawo ɗaya, don su bi jikin taliyar maimakon su zube ƙasan kwano.

Taliyata ta dunƙule ta zama curi ɗaya. Ina na kuskure?

Ko dai ta wuce wuta, ko kin bar ta a gwagwa ba mai. Sitaci zalla ce, da zarar ta fara hucewa sai ta kama 'yar uwarta. Ki tafasa ruwa mai yawa, kamar lita 2 zuwa 3, ki zuba ta ba tare da kin karya ba, ki danna ta da ludayi har ta nutse. Daga minti 6 ki fara ɗanɗanawa. Ki ciro zare ɗaya ki gutsura: idan akwai ɗan fari mai tauri a tsakiya, saura kaɗan, idan ta yi haske har ciki kuma tana da danƙo, ta yi. Yawanci tsakanin minti 6 da 8 ne, ya danganta da kaurinta.

Ki tsane ta, ki watsa mata ruwan sanyi sau ɗaya don ya wanke sitacin da ke jiki ya kuma tsayar da dahuwar, ki girgiza gwagwar sosai. Sai ki sa almakashi mai tsabta ki datsa ta sau biyu ko uku, don tana da tsawo ƙwarai. Wasu gidajen Koriya ba sa wankewa, da zafinta suke zuba mata mai da soya sos, suna cewa ta fi shan ɗanɗano. Duka biyu suna yi. Abin da ba ya yi shi ne a tsane ta a tafi wani aiki.

Matakin da ya fi kowanne amfani kuma mutane suka fi tsallakewa shi ne wannan: ki mayar da ita kasko da cokali 1 na man gyaɗa, soya sos cokali 3 da sauran sukarin, ki yi ta juyawa a matsakaiciyar wuta minti 2 zuwa 3 har ruwan ya ƙafe, ta yi launin ruwan zuma tana ƙyalli. Wannan suyar tana rufe jikin zaren da mai, sai ya daina shan ruwa. Taliyar da aka yi wa haka tana iya awanni ba ta kumbura ba.

Daga nan ki juye ta kan kayan da ke jira a babban kwano, ki zuba man riɗi, ki sa safar hannu ta leda a kan ta auduga idan da zafi, ki cuɗa da hannu kina ɗagawa kina warwarewa. Cokali tsinka taliyar yake yi, kuma ba ya raba kayan daidai. Ki ɗanɗana, ki gyara, ki yayyafa riɗi.

Man riɗin da ake sayarwa a kasuwarmu zai yi?

Ki buɗe ki shinshina. Idan fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, ƙamshinsa kuma kaɗan ne, daga ɗanyen riɗi aka tatso shi. Mai kyau ne don suya amma ba zai ba ki japce ba. Wanda Koriyawa ke kira chamgireum sai an soya riɗin ya yi ja kafin a matse, shi ya sa yake da duhu, kuma ƙamshinsa irin wanda ke cika gida ne ranar da ake yin kantu. Digo kaɗan ya isa ya sauya kwano guda.

Abin mamaki a nan shi ne ba mu rasa riɗi ba. Najeriya na cikin manyan masu noma shi a Afirka, daga Jigawa zuwa Nasarawa da Binuwai, kuma mafi yawansa fita ake yi da shi zuwa ƙasashe irin su Japan, Sin da Turkiyya. Wanda ke sayen ƙaramar kwalbar man daga waje da tsada, ba mamaki amfanin gonar maƙwabcinsa ne ya zagayo. Idan ba ki sami na kwalba ba, ki wanke riɗi rabin kofi, ki rege tsakuwa, ki shanya, ki soya a busasshen kasko da ƙaramar wuta kina juyawa har ya yi ja-ja ya fara tsalle. Ki daka shi da zafinsa, ki zuba masa rabin kofi na mai marar ƙamshi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan minti 10, ya huce, ki tace. Bai kai na asali ƙarfi ba, amma ya kama hanya. Ki kula kada riɗin ya ƙone, ɗaci yake yi kuma ba ya gyaruwa.

Ko wanne kika samu, ba da shi ake suya ba. Zafi mai yawa yana kashe ƙamshinsa, don haka a ƙarshe ake zuba shi, bayan an sauke.

Wane soya sos? Kuma halal ne?

Na Koriya iri-iri ne. Wanda ake so shi ne na yau da kullum, jin ganjang ko yangjo ganjang. Akwai guk ganjang na miya, wanda ya fi gishiri kuma launinsa bai kai ba. Ba shi ake nema ba. Soya sos mai haske na Sin ko na Japan ya wadatar. Baƙi mai kauri na Sin kuwa launi yake bayarwa, ƙaramin cokali ɗaya ya isa a haɗa da mai hasken. Mai zaƙin nan na Indonesiya, idan shi kaɗai gare ki, ki rage sukari sosai.

Batun halal wuri uku yake. Na farko nama: gidaje da gidajen abinci da yawa a Koriya da naman alade suke yi, don haka wanda ya je can ya tambaya kafin ya ci. Na biyu, wasu masu girki suna zuba wa naman giyar girki ta shinkafa, mirim ko cheongju. A bar ta kawai, japce ba ya rasa komai. Na uku shi ne soya sos ɗin kansa. Tsima waken suya da alkama ake yi watanni, kuma a cikin tsimin ana samun ɗan sinadarin barasa, wasu kamfanonin ma suna ƙara shi don kada ya lalace. Malamai sun yi sabani a kan irin wannan. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi kwalba mai tambarin halal, kuma akwai su: na JAKIM ta Malesiya, na Indonesiya, ko na Tarayyar Musulmin Koriya, KMF.

Alayyafonmu zai iya maye gurbin nasu? Naman kaza fa?

Sarai. Nasu ganye ne mai laushi da ake tsomawa a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30. Namu ya ɗan fi ƙarfi, ki zaɓi matashi, ki cire manyan karare, ki ba shi minti 1. Ki tsame ki jefa a ruwan sanyi nan take don koren ya tsaya, sannan ki matse shi tsam a tafin hannu. Ganyen da ba a matse ba shi ne ke jiƙa japce ya kuma sa shi saurin lalacewa. Ki warware shi, ki murza masa ɗan gishiri, tafarnuwa da digon man riɗi. Kanwa ba ta da wuri a nan.

Naman kazan da aka saba sawa shi ne busasshen shitake, wanda Koriyawa ke kira pyogo, sau da yawa tare da wani baƙi mai garas-garas da ke fitowa a jikin itace. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi aƙalla minti 30, ki cire ƙafar, ki matse, ki yanka. Fararen da ake nomawa a sayar a kanti ma suna yi. Idan babu, ko mutanen gida suna ƙyamarsa, ki ƙara albasa da kabeji. Amma kada a kuskura a tsinko wanda ya tsiro a bayan gida da damina. Wasu dafi ne mai kisa, kuma ido ba ya rarrabewa.

Zan iya sa attaruhu, dunƙule da kori?

Attaruhu, eh, rabin ƙwaya a yanka siriri a soya da albasa. Su ma Koriyawa suna da japce mai yaji. Dunƙule ba a bukata, soya sos da naman kaza sun riga sun yi aikinsa, ƙara shi gishiri kawai zai hau. Kori da tayim kuwa a'a. Suna danne ƙamshin riɗi gaba ɗaya, kuma idan riɗi ya tafi ban ga abin da ya rage na Koriya a kwanon ba.

Sukari a cikin taliya da nama? Ba zan iya cirewa ba?

Ki rage zuwa cokali 1 idan bakinki bai saba ba, amma kada ki cire duka. Ba don a ji zaƙi ake sa shi ba. Kaifin gishirin soya sos yake karyawa, shi ne kuma ke taimaka wa taliyar ta yi ƙyalli a kasko. Zuma tana yi.

Yaya ake yin siraran ƙwan nan rawaya da fari na sama?

A raba gwaiduwa da farin, a kaɗa kowanne da ɗan gishiri. A shafa wa kasko mai da takarda, wuta can ƙasa, a zuba a juya kaskon ya bazu fale-fale. Da ya kama jikinsa a juya, a sauke kafin ya yi ja. Sai ya huce a naɗe a yanka siriri. Sunansa jidan. Kwalliya ce, wanda ke sauri ya kaɗa ƙwan gaba ɗaya.

Da zafi ake ci ko da sanyi?

Da ɗumi ko bayan ya huce, duka daidai ne, shi ya sa ya dace da taro. Da sanyin firij ne kawai ba ya ciyuwa. Idan aka ɗora shi da zafi a kan farar shinkafa ya zama japce-bap, cikakken abincin rana.

Kwana nawa yake yi, musamman idan wuta ba ta tsayawa?

Ko a Koriya an san shi da saurin lalacewa a lokacin zafi, saboda ganyen da kuma hannun da aka cuɗa shi da shi. Kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1. A firij mai sanyi na gaske yana kwana 2 zuwa 3 a rufe. Inda ba a da tabbacin wuta, a dafa daidai ci. Idan kin ji ɗan tsami ko kin ga yauƙi, zubarwa za ki yi, ɗumamawa ba ta gyara shi.

Za ki tarar taliyar ta yi tauri ta koma fari-fari bayan ta kwana a firij. Ba lalacewa ta yi ba, halin sitaci ne idan ya ji sanyi. Ki zuba a kasko da ruwa cokali 2 ko 3, ki rufe minti 1, ki buɗe ki juya har hasken ya dawo, ki ƙara digon man riɗi. Ragowar kuma idan an daddatsa tana yin kyakkyawan cikin samosa. A kasuwar Namdaemun ta Seoul layi ake yi wajen masu soya wani fanke da ake cusa wa japce a ciki.

Mai ciwon sukari ko hawan jini zai iya ci?

Haskenta na sa mutane su ɗauka ba ta da nauyi. Sitaci ce kusan zalla, giram 100 na busasshiya yana da kalori wajen 350, daidai da sauran taliya, ga shi ba ta da furotin ɗin kirki. Mai ciwon sukari ya rage taliyar, ya ninka ganye da nama, kada kuma ya haɗa da shinkafa. Mai hawan jini ya lura cewa babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Akwai soya sos mai ragin gishiri. Wanda alkama ke damu kuma ya sani taliyar ba ta da ita, amma yawancin soya sos da alkama ake yi, sai ya karanta jikin kwalba.

Ni ɗalibi ne, risho ɗaya da tukunya ɗaya gare ni. Akwai gajeriyar hanya?

Akwai, malam. Ka jiƙa taliyar a ruwan ɗumi minti 30 zuwa 40 har ta lanƙwasu. Ka soya naman ka kwashe. A tukunyar ka shimfiɗa albasa da karas a ƙasa, taliya a kansu, ka zuba soya sos, sukari, cokali 1 na mai da ruwa rabin kofi, ka rufe a matsakaiciyar wuta minti 5. Ka buɗe, ka zuba tattasai, yankakken alayyafo da naman, ka juya har ruwan ya ƙafe, ka sauke ka sa man riɗi. Launin ba zai fita kamar na mai haƙuri ba, kayan lambun kuma za su fi laushi, amma ranar karatu ya wadatar. Idan baƙi za ka yi, ka koma doguwar hanya.

Idan na mutum 30 zan yi fa?

Ki lissafa giram 40 zuwa 50 na busasshiyar taliya ga kowane mutum idan akwai wasu abincin a gefe, wato kilo ɗaya da rabi zai ishe ki. Yankan kayan lambu, jiƙa naman kaza da tsuma nama duk ana iya yi tun daren jiya a sa a firij. Suyar kayan a yi da safe, kowanne a kwanonsa. Taliyar ce kaɗai za a bari sai saura awa ɗaya, kuma a dafa ta kashi-kashi, rabin kilo a lokaci guda, domin tukunyar da aka cika ba ta dafa ta daidai, kaskon da aka cika kuma ba ya soya ta. Idan lokacin zafi ne ko za a yi tafiya da abincin, a cire alayyafo a sa koren tattasai a madadinsa, ya fi jure zama. A shimfiɗa shi a faffaɗan faranti maimakon a danna shi a kula mai zurfi, inda tururi zai ci gaba da dafa taliyar har ta kumbura kafin baƙi su zauna.